Wai da gaske za a fara haƙo gwal a sararin samaniya? Amana ce ta sa nake tambaya

Mai Gwal Kano:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a nan ba tare da na sa baki ba, amma yau wata damuwa ta kawo ni, kuma ina roƙon masu ilimin abin su ba ni amsa tsakani da Allah.

Sana'ata sayar da gwal, shekara 23 ke nan, a hannun kawuna na koya. Ranar Talatar da ta wuce wata Hajiya ta zo shagona, matar abokin mahaifina ce, mijin ya rasu shekara huɗu da suka wuce. Ta kwance ƙullin da ke cikin jakarta ta zube a gabana: sarƙa biyu, awarwaro shida, 'yan kunne da zobba. Na ɗora a sikeli, giram 143, kusan duka ɗan Saudiyya ne karat 21. Na san gwal ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, domin ni na sayar mata bayan an raba gado, lokacin da ta ce tana tsoron ajiye kason yaran a naira. Ta ce in saye duka, yau ɗin nan.

Na ce, "Hajiya lafiya? Aure ya taso ne ko rashin lafiya?" Ta ce ko ɗaya. Ɗanta na fari ne ya nuna mata bidiyo a waya, wai Amurkawa sun tura kumbo zuwa wani dutse a sararin samaniya mai suna Psyche, wanda duk jikinsa zinare ne, kuma da zarar sun jawo shi gwal zai koma kamar ƙarfen bokiti. Tun ranar ba ta yi barcin kirki ba. Dukiyar marayu ce, in ta narke a hannunta me za ta ce wa Allah?

Da ciniki kawai nake dubawa, da na saya na ci ribata. Na ce ta mayar gida ta ba ni mako guda in bincika. To amma ni ma ban san amsar ba, kuma in na hana ta sayarwa abin ya zama gaskiya, ni na cuce ta. Ga wani ƙarin abu: a wani zauren WhatsApp na 'yan kasuwa da nake ciki, wani ya fara tallar hannun jarin kamfanin haƙar ma'adinai a wata, naira 50,000 kowane kaso, kuma na ga mutum biyu sun ce sun tura kuɗi.

Abin da nake son sani: an taɓa kawo wani abu daga can, kuma giram nawa? Ni da giram nake gane magana. Kamfanonin nan da ake faɗa akwai su da gaske? Sannan in an haƙo, na waye?

Malamin Fiziks:

Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya saka maka da alheri da ba ka yi gaggawar saye ba. Tunda da giram kake gane magana, bari mu hau sikelin.

Hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta tura kumbon OSIRIS-REx a 2016 zuwa wani dutse mai suna Bennu. Ya ɗebo ƙasa ya dawo, aka sauke ƙunshin a hamadar jihar Utah ranar 24 ga Satumban 2023. Da aka auna, giram 121.6 ne. Wato bai kai gwal ɗin Hajiya nauyi ba, kuma baƙar ƙura ce da tsakuwa, ba zinare ba. Aikin ya ci sama da dala biliyan ɗaya, ka ga kowane giram ya tashi a kan fiye da dala miliyan takwas. Kafin su Japan ta tura Hayabusa2 zuwa dutsen Ryugu, ya dawo a Disambar 2020 da giram 5.4, nauyin zobe ɗaya ke nan. In ka haɗa duk abin da ɗan'adam ya taɓa ɗebowa da kumbo daga irin duwatsun nan, bai cika kofin shayi ba.

Daga wata an kawo fiye da haka. 'Yan sama jannatin Apollo sun kawo kilo 382 tsakanin 1969 da 1972. Sin ta kawo giram 1,731 a 2020 da kumbon Chang'e 5, sannan giram 1,935 a 2024 daga bayan wata da Chang'e 6. Duk don bincike aka kawo su, babu wanda aka narka aka kai kasuwa.

Sai ka gwada da wannan: a doron ƙasa ana haƙo gwal sama da tan 3,000 kowace shekara, kuma wanda yake hannun mutane da bankuna ya haura tan 200,000. Kafin abin da ya zo daga sama ya girgiza farashi sai ya zo da tan ɗari-ɗari, mu kuwa har yanzu muna lissafin giram ne.

Maganar Psyche kuma, dutsen akwai shi, yana tsakanin duniyar Mars da Jufita, faɗinsa ya kai kilomita 220, kusan tafiyar Kano zuwa Kaduna. Kumbon da aka tura a Oktoban 2023 sai 2029 zai isa, kuma ba zai sauka ba, ba zai ɗebo komai ba, ba zai dawo ba. Zagaya dutsen zai yi yana ɗaukar hoto yana awo. Adadin nan da ake yawo da shi a matsayin darajar dutsen, ɗaya da sifili 19 na dala, shugabar masu binciken, Lindy Elkins-Tanton, ita ta yi lissafin a kan farashin baƙin ƙarfe don ta nuna girman abin, ba a kan zinare ba. Masu bidiyo ne suka shafa masa ruwan gwal. Awon da aka yi daga baya ma ya nuna dutsen bai kai nauyin da zai zama ƙarfe zalla ba, akwai dutse da yawa a gauraye. Babu injin da ɗan'adam ya mallaka, ko yake shirin ƙerawa, da zai iya matsar da abu mai wannan girma.

Ka gaya wa Hajiya ta kwantar da hankalinta ta wannan ɓangaren. Gwal yana hawa yana sauka saboda dala da yaƙe-yaƙe da sayen da manyan bankunan ƙasashe ke yi, ka fi ni sani. A Oktoban 2025 ya haye dala 4,000 kan oza ɗaya, shekara biyu bayan tashin wancan kumbon.

Mai Gwal Kano:

Malam na gode, Allah ya ƙara ilimi. Giram 121.6 ɗin nan ya zauna mini a kai, na rubuta shi a bayan littafin shago. Amma akwai abin da bai kwanta mini ba. Bature ba ya zuba kuɗi inda bai hango riba ba. In abin duk tatsuniya ce, me ya sa nake jin masu kuɗinsu suna kafa kamfanoni a kai? Mu a kasuwa in ka ga manyan dillalai sun fara tara wani kaya a ɓoye, ka san sun ji wani abu da ba ka ji ba.

Injiniya a Turai:

Baba, tambayarka ta biyu ta fi ta farko, kuma ba tatsuniya ba ce. Kasuwar akwai ta, tana kuma girma. Sai dai abin da ake saye da sayarwa a cikinta ba shi ne abin da bidiyon ya faɗa ba. Ni a ɓangaren tauraron ɗan'adam nake aiki, don haka ina bin labarin a kusa.

An yi zagayen farko an faɗi. A 2012 kamfanin Planetary Resources ya fito da hayaniya, da kuɗin su Larry Page da Eric Schmidt na Google a bayansa, ya ce zai haƙo filatinam, wani farin ƙarfe mai tsada, daga duwatsun sama. A 2013 Deep Space Industries ya biyo baya. Gwamnatin Luksamburg har jari ta zuba a na farkon, ta yi asarar miliyoyin yuro. Kafin ƙarshen 2018 kuɗi ya ƙare an sayar da Planetary Resources ga wani kamfanin fasahar kuɗin intanet, ɗayan kuma aka sayar da shi a farkon 2019. Ko tsakuwa ɗaya ba su taɓa ba.

Abin da ya dawo da maganar shi ne kuɗin mota ya sauka. A zamanin kumbon Shuttle kai kilo ɗaya sama yana cin dala dubu 50 da wani abu. Da SpaceX ta fara dawo da rokokinta tana sake amfani da su, ya faɗo zuwa dala dubu uku ko ƙasa da haka. Shi ya sa ƙananan kamfanoni suka samu ƙofa. AstroForge na Kalifoniya, wanda aka kafa a 2022, ya harba ɗan kumbonsa Odin a Fabrairun 2025 don ya je ya ɗauko hoton wani dutse da suke zaton na ƙarfe ne. Bai yi nisa ba suka daina jin ɗuriyarsa. Su ma filatinam suke nema, wanda mafi yawansa yanzu daga Afirka ta Kudu yake fitowa. Da wani zai rasa barci a kan wannan harka, masu haƙar filatinam ne, ba masu awarwaro ba, su ɗin ma ba yanzu ba.

Amma ni a ganina kayan da zai fara yin kasuwa a can ruwa ne. Roka in ta tashi, kusan kashi 90 cikin 100 na nauyinta mai ne. Ruwa kuwa in ka raba shi da lantarki yana ba ka haidurojin da oksijin, su ne man roka, oksijin ɗin kuma shi ne numfashin mutanen da ke ciki. A 2009 NASA ta daki wani rami mai suna Cabeus a kudancin wata da gangar roka, aka ga ruwa a cikin ƙurar da ta tashi. Ramukan wannan wajen, rana ba ta taɓa leƙa cikinsu, ƙanƙara tana kwance tun fil azal. Kamfanonin da ke dakon kaya zuwa wata suna cajin kimanin dala miliyan ɗaya kan kilo guda. Ka ga ke nan litar ruwa ɗaya da aka haƙo a can ta huce maka wannan kuɗin. Ba za a kawo ruwan nan duniya ba, a can za a sayar wa wanda ya zo wucewa. Shi ya sa Indiya ta sauke Chandrayaan-3 kusa da kudancin wata a Agustan 2023, kuma can Amurka da Sin duk suka sa ido.

Abu ɗaya da ake shirin kawowa nan ƙasa shi ne iskar hiliyum-3, wadda ake sanyaya wasu sababbin kwamfutoci da ita, kuma tana da ƙaranci ƙwarai a duniya. Kamfanin Interlune, wanda cikin waɗanda suka kafa shi akwai Harrison Schmitt da ya taka wata a 1972, ya ƙulla da ma'aikatar makamashin Amurka zai kawo mata lita uku kafin ƙarshen 2029. Lita uku, Baba. Kuma kafin ka samu giram ɗaya sai ka tace ƙasar wata kusan tan 100.

Sauka kanta har yanzu wuya take. Kamfanin ispace na Japan ya faɗi sau biyu, a 2023 da 2025. Intuitive Machines ya sauka sau biyu, duka biyun kumbon ya kife a gefe, na biyun ma yana ɗauke da injin haƙa da aka so a gwada neman ƙanƙara da shi. Firefly ne ya sauka a tsaye a Maris ɗin 2025.

Batun na WhatsApp, don Allah ka hana duk wanda za ka iya hanawa. AstroForge da Interlune ba sa kasuwar hannun jari, manyan masu zuba jari ne kawai ke shiga. Waɗanda ke kasuwa, irin ispace a Tokyo da Intuitive Machines a Amurka, ta hannun dillali mai lasisi ake saye, ba ta tura kuɗi asusun wani mutum ba. Wannan cinikin biri a sama ne.

Ɗan Agadas:

Salamu alaikum Alhaji. Maganar Injiniya ta ruwa ta tuna mini Jado, can cikin hamadar arewacin Nijar. A 2014 da aka ga zinariya can, ni ma na bi ayari, wata bakwai na yi. Mun tafi mu tara daga unguwarmu, mutum ɗaya ne ya dawo da abin kirki. Waɗanda na gani da idona sun yi arziki su ne masu motocin da ke kai mutane, da masu sayar da na'urar neman zinariya, da masu kawo ruwa a tanka. Jarkar ruwan da ba ta da daraja a gari, can sai ka ba da abin da ka wuni kana haƙa kafin ka same ta. Da na karanta bayanin Injiniya sai na ga Jado ce aka ɗaga aka kai sama, masu roka su ne masu mota.

Amma ni abin da ke ci mini rai daban ne. Ku kuna maganar zuwa sama a ɗebo dutse, mu dutsen ne ya faɗo mana har gida muka rasa shi. A watan Nuwamban 2023 aka tsinci wani dutse a jiharmu ta Agadas, nauyinsa ya kusa kilo 25, masana suka tabbatar daga duniyar Mars ya fito, kuma shi ne mafi girma irinsa da aka taɓa samu a doron ƙasa. Suka sa masa suna NWA 16788. A Yulin 2025 sai ji muka yi an yi gwanjonsa a Sotheby's ta birnin New York kan dala miliyan 5.3. Gwamnati a Yamai ta buɗe bincike kan yadda ya fita, daga baya aka dakatar da fitar da irin waɗannan duwatsu daga ƙasar. To amma dutse ya riga ya tafi. Yaran makarantar Agadas ba za su taɓa ganinsa ba sai a hoto.

Ku ma kuna da naku. A 1962 wani dutsen Mars mai kilo 18 ya faɗo a Zagami, ƙasar Katsina, kusa da wani manomi a gonarsa. Yau gutsattsarinsa suna hannun masu tara duwatsu a ƙasashen waje, da giram ake sayar da su. Kasuwar kayan sama da ta shafe mu a yau ita ce wannan, Alhaji, kuma kai da kake da sikeli, wata rana wani zai iya shigo maka da baƙin dutse mai nauyi ya ce ka duba masa. Kar ka bari a karɓe masa a banza.

Barista Hajiya:

Alhaji, tambayarka ta uku ba a taɓa ta ba, kuma ita ce ɓangarena.

Akwai yarjejeniyar sararin samaniya ta 1967, Najeriya na cikinta. Sashe na biyu ya ce babu ƙasar da za ta mallaki wata ko wani jiki na sama. Bai ce komai a fili ba game da abin da ka haƙo ka ɗauke. A wannan gurbin aka shiga. A 2015 Obama ya sa hannu a dokar da ta ce Ba'amurke ya mallaki abin da ya haƙo. Luksamburg ta yi tata a 2017, Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa a 2019, Japan a 2021. Hujjarsu ita ce teku ba na kowa ba ne, amma kifin da ka kama naka ne.

A 2020 NASA ta yi wata dabara. Ta ba kamfanoni huɗu kwangilar su ɗebi 'yar ƙasa a wata su sayar mata a can inda take, jimillar kuɗin dala 25,001, ɗaya daga cikinsu dala ɗaya tak ya nema. Ba ƙasar suke so ba, so suke a ce an taɓa yin ciniki ba wanda ya hana, gobe ya zama hujja.

An taɓa yin wata yarjejeniyar a 1979 da ta ce albarkatun wata gadon bil'adama ne baki ɗaya, a raba amfaninsu da adalci har da ƙasashe masu tasowa. Ƙasashen da suka amince da ita ba su kai 20 ba, babu Amurka, babu Rasha, babu Sin, Saudiyya ma ta fice. Mu kuma a Disambar 2022 a Washington, Najeriya da Ruwanda suka zama na farko a Afirka da suka shiga yarjejeniyar Artemis, wadda Amurka ke jagoranta kan ƙa'idojin aiki a wata da sararin samaniya, Farfesa Isa Ali Pantami ne ya sa hannu a madadinmu lokacin yana ministan sadarwa. Wannan takarda ta yarda cewa haƙar ma'adinai a sama ba mallakar wuri ba ce. Ban ce shigar kuskure ce ba, zama a teburin ya fi tsayuwa a waje. Abin da ke damuna shi ne ban ji an yi muhawara a kai ba, ko a majalisa ko a jami'a. A gida tsarin mulkinmu ya ce duk ma'adinan ƙasa na gwamnatin tarayya ne, a fiƙihun Malikiyya ma al'amarin ma'adinai yana hannun shugaba don maslahar jama'a, ba na wanda ya riga isa ba. A sama kuwa mun sa hannu kan cewa wanda ya riga isa shi ke ɗauka, alhali ramukan da ke da ƙanƙara ba su da yawa, kuma mun san ba mu ne za mu riga isa ba.

Mai Gwal Kano:

Jama'a Allah ya biya ku, ban san yadda zan gode ba. Jiya bayan la'asar na je gidan Hajiya da kaina, na sa aka kira yaron. Ban yi masa faɗa ba, domin tsoron asarar uwarsa ne ya sa shi, kuma yaro ne mai son karatu. Na tafi da ƙaramin sikelina, na auna giram 121.6 na gero a gabansu na zuba a tafin hannunsa, na ce ga abin da dala biliyan ɗaya da shekara bakwai suka kawo. Ya daɗe yana kallon geron. Sai ya tambaye ni yadda ake raba ruwa ya zama man roka, na ce wannan sai Injiniya, na ba shi wayata ya karanta da kansa har aka kira magariba.

Hajiya ta mayar da gwal ɗinta. Na gaya mata gaskiya cewa ban lamunce mata farashi ba zai sauka ba, gwal yana sauka, na ga ya sauka a sana'ar nan ba sau ɗaya ba, amma ba dutsen Psyche ne zai saukar da shi ba. Ta ce awarwaro biyu za ta sayar idan lokacin kuɗin makarantar ƙaramar ya yi, sauran su zauna.

A zauren WhatsApp na kwafa bayanin Injiniya na tura. Mai tallar ya fita daga zauren a daren. Ɗaya daga cikin mutum biyun nan maƙwabcin shagona ne, kaso huɗu ya saya, naira 200,000, gobe da safe zan raka shi banki mu shigar da ƙorafi ko Allah zai sa a tare kuɗin.

Barista, maganarki ce ta hana ni barci daren jiya, ita da ta ɗan'uwana na Agadas. In akwai inda aka fassara takardar Artemis ɗin nan da Hausa, ko ke za ki iya fassara mana sashen da ya yi maganar ma'adinai, ki sa mana a nan. Ina so in karanta abin da aka sa hannu da sunanmu.